Gidan da Ya Ɗaure Ruwa

Ɗanyen kaba yana da wani ƙamshi nasa na daban, mai ɗan ɗaci, kamar na ciyawar da aka yanko da sassafe. Na yi shekaru ban ji shi ba, don a Sabon Gari inda nake aure tabarmar roba muke shimfiɗawa, igiyar shanya ma ta roba ce. Sai bana, bayan an gama girbi, 'yata ta shigo da yamma ƙafafunta duk laka, ta ajiye wani ɗan dami a gabana ina tsintar shinkafa. Kafin in ɗaga kai hancina ya riga ya gaya mini ko mene ne.

"Umma, yaya ake ɗaure ruwa?" ta ce.

Yarinyar tana karatu a jami'ar nan ta garinmu, kuma ta shiga cikin wasu 'yan sa-kai, ɗalibai da samarin gari da 'yan mata, waɗanda suke fita bakin kogi duk Asabar. Suna kwashe leda da robobi, suna sare kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa, suna dasa itatuwa a gaɓar da ke zaizayewa. Da farko dariya na yi musu, na ce kogin Wudil ba tsakar gida ba ne da za a share shi da tsintsiya. Ba su fasa ba. Har allo suka kafa a bakin gurbin ƙauyenmu suna roƙon a bar 'ya'yan kifi su girma. Wani bawan Allah ya cire allon ya yi wa banɗakinsa ƙyaure da shi. Daga nan ne wani dattijo ya ce musu rubutu ba ya hana masunci jefa birginsa na kamun kifi, in suna so a bar gurbin ya huta, su je su roƙi baffana ya ɗaure shi.

Abin da ba su sani ba, ni kuma na sani, shi ne duk ranar da Baffa ya ɗaure ruwa, ɗansa ya rasa sana'a. Ɗan nasa, wanda nake kira Yaya don tare muka tashi, da kifin gurbin nan yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da Baffan kansa.

Bari in gaya maka yadda abin yake, mai karatu, don ko a Wudil ɗin masu tunawa sun yi ƙaranci.

Ƙauyenmu yana ƙasa da gada. Mahaifina ya rasu ina goye, don haka a hannun Kaka da matarsa Iya na tashi, a babban gida mai zaure yana kallon kogi. Da damina kogin yakan cika ya yi ja, yana ruri, yana wucewa da kututturai, wani lokaci har da jinkar ɗakin wani. A lokacin ko kusa da gaɓa ba a barinmu. Amma da an yi girbi sai ya fara ja da baya a hankali, ya bar farin yashi mai laushi, ruwan ya rabu gida-gida. Akwai wuri ɗaya da ba ya ƙafewa, a ƙarƙashin wasu manyan giyayyu, inda ruwan yake da zurfi da sanyi, launinsa kore shar har ya so ya yi baƙi. Shi ne gurbi. Duk kifin da ke da hankali can yake taruwa ya ci rani.

Idan ruwa ya ja har duwatsun mashaya sun fito, sai Kaka ya sari dogon reshen giyayya ya feƙe gindinsa, ya aiki Baffa ya yanko ɗanyen kaba. Washegari bayan sallar asuba maza su biyo shi zuwa gaɓa, liman yana gaba. Mu yara muna raɓe a bayan bishiya muna rawar sanyi. Kaka ya tuɓe riga, ya shiga ruwa yana bisimilla, ya kafa sandar a tsakiyar gurbi, ya ƙulla kaban a samanta. Sai ya juyo ya ce, "Na ɗaure, jama'a ku shaida." Liman ya yi addu'a a shafa, kowa ya kama gabansa. Daga ranar babu mai jefa ko fatsa a gurbin sai bazara.

Babu laya a jikin sandar nan, babu turare, babu wani surkulle. Na ji masu cewa camfi ne na mutanen da, kuma raina yana ɓaci in na ji, don na san abin da yake riƙe da ruwan, a cikina na ji shi. Ƙa'idar ita ce gidan da ya ɗaure ruwa ba ya kama kifi, ba ya sayarwa, ba ya ci, ko daga wane ruwa ne, har ranar kwancewa. Sauran masunta suna da damar su yi su a ko'ina cikin kogi ban da gurbi. Mu kuwa ko'ina an rufe mana. Mutum yana jin kunyar ya saci kifi a wurin da ya san wani gida guda ya haƙura da miyarsa saboda shi.

To ka ga jikar babban masunci, a garin masunta, tana wata da watanni ba ta ga ƙaya a kwanonta ba. Da la'asar maƙwabta su ɗora suyar ƙarfasa, ƙamshin ya tsallako katanga ya zauna a tsakar gidanmu kamar an aiko shi. Iya kuwa tana kaɗa kuka da daddawa, tana ƙara barkono don ta rufe mana baki. Kaka ya ɗanɗana, ya dube ni ya ce, "Amarya, yau ma haka za ki yi wa mijinki? Miya ko ƙaya babu?" Ni kuma in turo baki in ce na fasa auren, masunci na gaske zan nema. Ya yi ta dariya har sai ya ƙware. Abin da yake rage mana zafi shi ne kwanukan da suke shigowa. Duk gidan da ke cin moriyar gurbi yakan aiko da ɗan gero, ko wake, ko gyaɗa, ba tare da an roƙa ba. Kwanon ruwa ake ce masa, kuma ba a mayar da shi.

Wata shekara wani ɗan'uwan Iya ya zo daga gabas, ya kawo mata tsarabar bandar tarwaɗa, manya-manya, baƙaƙe suna ƙyalli. Bai san an ɗaure ba. Tsarabar baƙo ba a ƙin karɓa, a ba wa wani kuma a gabansa cin fuska ne. Iya ta karɓa ta yi godiya, ta ɗaure su a tsumma ta rataye a saman madafa, inda hayaƙi ke bi. Kaka kuwa da aka idar da sallar azahar ya miƙe a masallaci ya ce akwai kifi a gidansa, ga yadda aka yi ya shigo, ga inda yake rataye, duk mai shakka ya zo ya duba. Babu wanda ya zo. Mu ne dai muka yi ta dubawa. Ni da Yaya mukan zauna a ƙofar madafa mu ɗaga kai muna kallon ƙunshin nan har wuyanmu ya gaji, Iya tana korarmu da muciya.

Muna da aikinmu mu ma. Ruwa idan yana ja yakan bar ƙananan kududdufai a kan yashi, cike da 'ya'yan kifi da suka makara. Rana biyu kududdufin ya ƙafe, balbelu su yi biki. Iya takan ba kowannenmu ƙwarya ta ce mu je mu mayar da su wurin iyayensu. Har yau ina jin motsinsu a tafin hannuna, sanyi da santsi, da zafin yashi a ƙafa idan muna gudu zuwa gurbi ruwa yana zuba mana a ka.

Sai bazara ta zo, zafi ya kai inda ya kai, rumbuna sun fara nuna gindi. A lokacin ake kwancewa. Tun hantsi mutane suke ɓullowa daga Indabo da Ɗankaza da cikin gari, kowa da goransa na iyo da komarsa, makaɗa suna biye. Kaka ya shiga ya kwance kaban, jama'a su auka ruwa gaba ɗaya. Na ga giwan ruwa da sai da maza biyu suka ɗauko shi. Na ga ragon ruwa, da ƙurungu mai gurnani in an kama shi, da minjirya da ta girgiza wani mai cika baki har ya saki komarsa ya fito yana salati. Duk wanda ya fito sai ya jefa kifi ɗaya a tabarmar Kaka kafin ya wuce gida. Ran nan Iya ba ta tsimin mai. Muna ci hannu baka hannu ƙwarya, Kaka kuwa sai kowa ya ƙoshi yake jawo kwanonsa, ya ci a hankali yana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙara cin abinci mai daɗin na wannan yini ba, kuma na daina sa rai.

Da Kaka ya rasu Baffa ya gaji sandar. Ya ɗaure shekaru da dama lafiya lau. Sai wata shekara, ina budurwa, aka wayi gari gurbin ya yi fari fat da kifi, ciki sama, manya da ƙanana. Wasu da ba a san ko su wane ne ba sun zuba maganin ƙwari, sun kwashi abin da za su iya, sun bar saura yana ruɓewa. Kaban yana nan a tsaye a tsakiya. Baffa ya shiga cikin warin nan ya tuge sandar ya jefar a gaɓa. Bai sake ɗaurewa ba.

Sauran kai ma ka gani in kana bin gada. Motocin tifa suka yi hanya har cikin kogi suna kwasar yashi. Giyayyu suka tafi murhu ɗaya bayan ɗaya. Gaɓa ta dinga ruftawa har ta cinye gonar Baffa ta fadama. Masunta suka koma tace ruwa da gidan sauro, wanda ko ƙwan kifi ba ya bari. Ni kuma na yi aure na koma cikin gari, ina sayen kifin ƙanƙara kamar kowa, in na bi ta gada sai in kau da kai.

Ban so kai yaran nan wurin Baffa ba, amma 'yata ta gaji naci, ban san a ina ba. Muka je da ita da wasu abokan aikinsu biyu. Baffa ya tsufa ƙwarai, idonsa ya kusa tafiya, yana kwance a zaure. Da ya ji muryata ya ce, "Uwata, ke ce da baƙi?" Haka yake kirana, don sunan Iya aka sa mini. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da karatu, sannan yaran suka faɗi abin da ya kawo su. Baffa ya juyo da fuskarsa wajensu.

"Kun san abin da kuke roƙo kuwa?" ya ce. "Tukunyar gidan nan kuke so a kife."

Yaya yana bakin ƙofa yana ɗinkin birgi. Ya ajiye ya ce, "Baba, waɗannan gobe sun gama karatu sun koma garuruwansu. Ni da me zan ciyar da ku? Lokacin Kaka akwai gona, akwai rumbu. Yanzu ina suke?" Ya juyo kaina. "Ke kuma kin taso daga Sabon Gari kina tuna da. Tunanin ne zai ba 'ya'yana tuwo?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Ni kewa ce ta kawo ni, shi kuwa cikin iyalinsa ake magana. 'Yata ce ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Kawu, ka yi haƙuri. Na ga abin da ka kamo jiya, babu wanda ya kai ɗan yatsa. Baɗi fa?" Yaya ya ɗauki birginsa ya ci gaba da ɗinki.

Baffa ya sa aka tayar da shi zaune. Ya ce zai ɗaure, don ba ya so ya je lahira ya tarar da mahaifinsa da labarin sandar da ya jefar. Ya ce wa Yaya, "Ban tilasta ka ba. In ka kama, ko ka ci, ka gaya mini, a kai ni masallaci in faɗa da bakina, a cire sanda. Ba zan yi fushi ba."

A kan babur aka kai shi gaɓa, wani yana riƙe da shi ta baya. Samari biyu suka shiga da shi ruwa suna tallafe da shi. Suka yi ta tafiya, sai ya tambaya ko an kusa tsakiya. Suka ce ai an zo. Ruwan iya ƙugunsa. Ya ce, "A nan yake kai wa mahaifina wuya." Aka kafa masa sandar, ya laluba ya ƙulla kaban, bai yi kuskure ba. Ya ce, "Na ɗaure, jama'a ku shaida." Muryar ba ta kai gaɓa sosai ba, sai da wani ya maimaita. 'Yan sa-kan nan kuwa a wurin suka yi alkawarin su ma sun bar kifi har a kwance, har da na gwangwani. Ni ma na bari. Yaya bai zo ba.

Duk ƙauyen ido ya koma kan gidansa. Masunta ba su jefa a gurbi ba, amma ba su yi nisa ba, suna jira su ga abin da ɗan gida zai yi. Yaya ya naɗe birginsa ya rataye a ɗaki. Ya shiga ƙwadago a gonakin albasa, ranar Juma'a ya je kasuwa ya yi dako, mutumin da furfura ta fara fito masa. Ya rame. Tsakaninsa da mahaifinsa gaisuwa ce kawai, ni kuwa ko kirana ba ya ɗagawa. Na ba yaran labarin kwanon ruwa, suka bi gida-gida suka farfaɗo da shi. Kwanon farko Yaya ya mayar, ya ce shi ba mabaraci ba ne. Na biyu matarsa ta karɓa ta ƙofar baya, ta ce ita ba ta ji lokacin da aka hana ba.

Ana tsakiyar sanyi Allah ya karɓi ran Baffa. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da iyayensa a aljanna.

A wurin zaman makoki na ji dattawa suna maganar da ban taɓa sani ba, don ba a taɓa yin haka a idona ba. Idan wanda ya ɗaure ya rasu, ɗaurin ya faɗi, sai fa in wani daga jininsa ya shiga ruwa ya kama sandar a gaban jama'a. In babu, bayan sadakar uku kowa yana iya jefa birginsa. Babu wanda zai ga laifin Yaya. Ya cika wa mahaifinsa alkawari har ƙarshe, kuma ga hanya ta buɗe masa ba tare da kunya ba.

Da safen da ya biyo bayan sadakar, ni da 'yata muka tsaya daga nesa a saman gaɓa. Masunta sun cika bakin gurbi, kowa da kayansa. 'Yan sa-kai suna gefe sun yi tsuru-tsuru. Sai ga Yaya ya taho. Na duba kafaɗarsa, na ga babu birgi, amma ban yarda da idona ba. Ya wuce ta tsakiyar mutane bai kalli kowa ba, ya shiga ruwa da rigarsa da komai. Ya kai wurin sandar, ya kama ta da hannu biyu, ya danna ta ƙasa ta ƙara zama. Ya juyo ya ce, "Tana nan a ɗaure. Ku shaida."

Wani tsohon masunci ne ya fara saɓa komarsa ya juya. Sauran suka bi shi.

Yaya ya hauro gaɓa yana ɗigar ruwa, ya zo ya tsaya kusa da ni. Rabonsa da yi mini magana tun ranar zaure. Na ce masa sannu. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Wallahi ƙanwata, kifi nake sha'awa kamar in yi hauka." Ya so ya yi dariya, sai ya durƙusa a kan yashi ya fashe da kukan da bai yi ba a maƙabarta. Na zauna kusa da shi muka yi tare.

Yanzu da nake wannan rubutu bazara ba ta ƙaraso ba, ruwan yana nan a ɗaure. Tifofi ba su daina kwasar yashi ba, itatuwan da yara suka dasa wasu sun kama, wasu awaki sun cinye. Ban san abin da zai fito ranar kwancewa ba, mai yiwuwa 'yan ƙarfasa ne da ba su wuce tafin hannu ba. Kogin ƙuruciyata ba zai dawo ba, na sani, kuma ina kewarsa kamar yadda nake kewar mutanen da suka zauna a bakinsa.

Shekaranjiya Yaya ya zo gidana ya tambaye ni me ake faɗa in za a kwance. Ya ce na ɗaurewa kowa ya sani, amma na kwancewa bai taɓa ji ba. Na zauna na yi ta tunani. Ina ganin bakin Kaka yana motsi a tsakiyar ruwa, amma kiɗa da ihun jama'a ba su taɓa bari kalma ɗaya ta iso gaɓa ba. Baffa kaɗai ya sani, kuma babu wanda ya tuna ya tambaye shi. Muka lissafa tsofaffin ƙauye, muka ga babu sauran wanda za mu je wurinsa.

Na ce masa ya yi bisimilla ya kwance. In Allah ya kai mu ranar, zan roƙi makaɗa su dakata, 'ya'yansa su matso kusa su ji abin da zai faɗa.